Kashi 7.5 na Wane Kuɗi?

Kusan duk ɗan kwangilar da ya kawo mini takardunsa a nan Zuru, kuskure ɗaya nake tararwa, kuma na gaji da gyara shi mutum-mutum. An biya kuɗi dunƙule, harajin VAT na ciki, sai mai lissafi ya ɗauki kalkuleta ya buga kashi 7.5 a kan jimlar gaba ɗaya. Ba haka ake yi ba.

Kafin mu je can, bari a kashe wata jita-jita. Har yanzu akwai masu rantsuwa cewa VAT ya koma kashi 10. Bai koma ba. Gaskiya ne ƙudurin da aka kai majalisa a 2024 ya nemi ƙari, amma ba a amince da shi ba, kuma dokokin harajin da Shugaba Tinubu ya sa wa hannu a watan Yunin 2025 sun bar shi a 7.5, inda yake tun 1 ga Fabrairun 2020. Kafin nan kashi 5 ne tun daga 1994. Duk wanda ya rubuta maka 10 a rasit, ka ce ya nuna maka dokar.

To, ga lissafin. Harajin a kan asalin farashi yake hawa. Aikin naira 1,000,000, VAT ɗinsa 75,000, jimla 1,075,000. Wannan kowa ya iya. Matsalar tana wajen komawa baya. Idan 1,075,000 ɗin aka miƙa maka, ka buga mata kashi 7.5, za ka samu 80,625. Ka ɗora haraji a kan haraji ke nan, 5,625 ta salwanta ba gaira ba dalili. Abin da za ka yi shi ne ka raba jimlar da 1.075, asalin farashi ya fito, ragowar ita ce harajin. In kana sauri, ninka jimlar sau 3 ka raba da 43, harajin ya fito kai tsaye. Ina maimaitawa don akantoci ma na faɗawa ramin nan: jimlar da haraji ke cikinta, rabawa ake yi, ba a cire mata kashi kai tsaye.

Wanda ya fi ba ni takaici shi ne mai kai kaya ma'aikata, ya rubuta 1,000,000 bai faɗi ko da VAT ko babu ba. Hukumomin gwamnati tun daga tushe suke riƙe VAT su tura. In aka ɗauka harajin na ciki, kusan 930,233 ne nasa, kuma ba a ma zo kan ɗaya harajin da ake riƙewa ba, wanda daban yake. Sai ya dawo yana cewa an cuce shi, alhali shi ya ƙi rubuta layi uku: farashi, VAT, jimla.

Faransawa, waɗanda suka fara wannan haraji a 1954 ta hannun Maurice Lauré, sun huta da wannan gardama domin rasit ɗinsu na bambancewa: HT na nufin babu haraji, TTC na nufin an haɗa komai. Nasu na gama-gari kashi 20 ne, don haka raba TTC gida 6 ke fitar da harajin. 'Yan kasuwarmu masu tsallakawa Nijar ta Kamba za su ga haruffan nan, a can kuma kashi 19 ne. Kayan sefa 119,000 TTC harajinsu 19,000 ne, ba 22,610 ba.

Sai ku masu shaguna. Dawa, masara, shinkafa da sauran abincin yau da kullum ba a ɗora wa mai saye VAT a kansu, haka magani da littattafai. Ƙananan 'yan kasuwa ma an ɗauke musu nauyin karɓa: daga 2020 iyakar cinikin naira miliyan 25 ce a shekara, sabuwar doka ta ƙara ɗaga ta. Amma sai ka ga mutum ba rajista, ba lambar haraji, ya liƙa wa mai saye VAT ya zuba aljihu. Wannan cin haram ne. Wanda kuma doka ta hau kansa, ya sani kuɗin amana ne a hannunsa: ya cire VAT ɗin da ya biya wajen sarin kaya, ya tura ragowar kafin 21 ga wata mai zuwa ta wuce.