Abin da Ke Sa Manhaja Ta Daina Aiki Bayan An Sabunta SQLAlchemy

Matasa da dama na koyon Python a wayoyinsu ta manhajar Termux ko Pydroid 3. Idan suka zo adana bayanai, wasu kan ɗauki SQLAlchemy, kayan aikin da Michael Bayer ya fitar a 2006 domin haɗa Python da rumbun bayanai. Matsala kan taso ne a lokaci biyu: ranar da aka sabunta shi, da ranar da aka sauya rumbu.

Bayan sabuntawa

Siga ta 2.0, wadda ta fito a Janairun 2023, ta cire engine.execute(), kuma dole a saka umarnin SQL cikin text(). Waɗannan da sauƙi, tunda kuskuren na fitowa a allo. Mafi haɗari shi ne an daina adana bayanai kai tsaye. Idan ba a kira commit() ba, duk abin da aka shigar zai ɓace da zarar an rufe haɗin, babu ko gargaɗi. Mai shago zai iya wuni yana shigar da ciniki, washegari ya tarar babu komai.

Maganin shi ne a fara tsayawa a siga ta 1.4, a kunna SQLALCHEMY_WARN_20=1 domin ta nuna layukan da za su karye, a gyara su, sannan a hau 2.0. A kuma rubuta lambar sigar a requirements.txt don kada pip ya ɗauko wata daban.

Bayan sauya rumbu

Yawanci da SQLite ake farawa, rumbun da ke cikin kowace wayar Android. Sai dai yana da sassauci: ba ya duba tsawon rubutu, don haka String(20) zai karɓi haruffa 50, PostgreSQL kuwa zai ƙi. Bincike da LIKE a SQLite ba ya bambance "Kano" da "kano", amma PostgreSQL yana bambancewa, sai an yi amfani da ilike(). Wannan sassaucin na SQLite bai shafi haruffa masu lanƙwasa ba: a wurinsa "Ƙasa" daban, "ƙasa" daban. Adireshin haɗi ma tun daga 1.4 dole ya fara da postgresql://, ba postgres:// ba.

Don haka kafin a saki manhaja, a gwada ta a kan irin rumbun da za ta zauna a kai, kuma a ajiye kwafin bayanan tukuna.