Tayar linzamin kwamfutata ta daina gungurawa

Tambaya: Ina buga wa mutane takardu a Sanam da kwamfutar tebur mai Windows 10. Linzamin yana motsi, amma ƴar tayar tsakiya ta ƙi gungura shafi. Ina mafita?

Amsa: Malam, kafin ka zargi Windows, zargi ƙura. Iskar hunturu a ƙasar Kurfai ba ta barin rami, kuma a gindin tayar akwai ƴar na'ura mai ƙirga juyawa. Da ƙura ta cika ta, sai shafi ya riƙa tsalle ko ya tsaya cik. Cire linzamin, kife shi, ka murza tayar gaba da baya bisa farar takarda, ka hure ta sosai. Kada ka ɗiga mata man keke, ƙurar zai ƙara kamawa.

Duba bakin wayar kuma. Idan zagayayye ne kore, irin na dā wato PS/2, sai ka kashe kwamfutar ka sake kunnawa kafin ta gane shi. Mai USB kuwa, canza masa rami kawai.

Bai yi ba? Shiga Paramètres, Périphériques, Souris, ka ga ko an rage yawan layukan da tayar ke ja. Idan rubutu girma yake yi maimakon gungurawa, maɓallin Ctrl ne ya maƙale.

Ari linzamin maƙwabci ka gwada. In nasa ya yi, naka ya mutu. Gyaransa ɓata lokaci ne. Aika a sayo maka sabo daga Filinge ko Yamai, kafin nan ka yi aiki da maɓallan kibiya.