Darasin kimiyya: Duwatsun ƙasar Arewa

Lugu gari ne na ƙasar Arewa, cikin gundumar Dogon Dutsi, jihar Doso. Can ne Sarauniya Mangu ta yi yaƙi da sojojin Faransa a shekara ta 1899. A wannan ƙasa akwai duwatsu da yawa. Wasu suna tsaye su kaɗai, kamar wanda ya ba garin Dogon Dutsi sunanshi. Kansu a shimfiɗe yake kamar faifai. Mi ya sa suke haka?

In masana kimiyya suna son su gane abu, tambayoyi uku suke yi. Yaya siffarshi take? Yaya aka tsara cikinshi? Da mi aka haɗa shi? Bari mu yi wa dutsi waɗannan tambayoyi.

Siffa

Siffa ita ce kamannin abu daga waje. Ana ganinta da ido, ana auna ta da metir, ana zana ta a takarda. Dutsinmu yana da kai shimfiɗaɗɗe. Gefenshi na sama a tsaye yake kamar bango. Gindinshi kuwa gangare ne, cike da tsakuwa da manyan duwatsun da suka faɗo.

Tsari

Tsari shi ne yadda sassan abu suke jere. Ku dubi wurin da ruwan sama ya zaizaye gefen dutsi. Za ku ga hawa-hawa, kamar tabarmi da aka ɗora bisa juna. Wani hawa na yashi ne da ya daskare, wani na yumɓu ne. Ruwan koguna da na tafkuna ne ya shimfiɗa su, shekaru miliyoyi da suka wuce. A shekara ta 1669, wani masani ɗan ƙasar Danmak, Nikolas Steno, ya bayyana cewa hawan da ke ƙasa ya girmi wanda ke bisanshi.

Haɗi

Haɗi shi ne abubuwan da ke cikin abu. Hawan da ke bisa duka marmara ce, ja mai duhu, mai nauyi. Akwai ƙarfe cikinta. Ƙarfen ya haɗu da iskar oksijan, shi ya sa ta yi launin tsatsa. Daga duwatsu masu ƙarfe maƙeran dā suke samun tama, su narke ta, su ƙera gatari da hauya.

Yanzu mun sami amsa. Marmara tana da tauri, yashi da yumɓu ba su kai ta ba. Ruwa da iska suna cin hawa mai taushi, suna kwashe shi. Marmara kuwa tana rufe da na ƙarƙashinta kamar malfa. Inda ta tsage, ƙasa ta zaizaye ta zama kwari. Inda ta saura, dutsi ya tsaya da kanshi shimfiɗaɗɗe.

Amfanin wannan sani

Yashi yana barin ruwa ya wuce, yumɓu yana tare shi. Ruwan damina yana nutsewa cikin yashi har ya iske yumɓu, sai ya taru can. Wannan ruwa ne mai ginar rijiya yake nema. Dallol Mawri, wanda ya ratsa Matankari, Dogon Dutsi da Tibiri, tsohon kogi ne da ke gangarawa kudu zuwa kogin Kwara, wajen Gaya. Yau yashi ya cika shi, amma ruwa yana kwance ƙarƙashi, ba nisa. Bisa tudu kuwa, sai an yi gina mai zurfi. Garin da ya san tsarin ƙasarshi ba zai ɓata ƙarfi da kuɗi a wurin da ruwa ya yi nisa ba.

Sauran fannonin kimiyya

Ba masanin duwatsu kaɗai ke yin tambayoyin nan uku ba.

Masanin tsirrai yana yanka karan hatsi. Daga waje ɓawo ne mai tauri, ciki totuwa ce mai taushi. Saboda haka kara ba shi da nauyi, amma yana ɗauke da zangarniya. A shekara ta 1665, Robert Hooke na Ingila ya dubi ɓawon itace da madubi mai ƙara girman abu. Ya ga ƙananan ɗakuna jere kamar saƙar zuma. Yau mun san jikin kowane tsiro da kowace dabba da irin ɗakunan nan aka gina shi.

Likita yana binciken ƙashi. Ƙashin cinya dogo ne, yana da rami a tsakiya inda ɓargo yake. Kalsiyom da fosfor ne suke ba shi ƙarfi. Tun da Rontgen na Jamus ya gano hasken da ke ratsa nama a shekara ta 1895, ana ɗaukar hoton karaya ba tare da an tsaga jiki ba.

Masanin sinadarai yana binciken gishiri. Ƙwayar gishiri mai tsabta tana da fuska shida daidai wa daida. Abubuwa biyu ne suka haɗu cikinta: sodiyom da kulor. Ya kuma gano cewa bakin fensir da dutsin daimon duk karbon ne. Haɗinsu ɗaya, tsarinsu daban. Shi ya sa ɗaya yake gogewa bisa takarda, ɗaya kuwa yake yanka gilashi.

Tambayoyi

1. Waɗanne tambayoyi uku masana suke yi?
2. Mi ya sa marmara take ja?
3. Don mi rijiyar dallol ba ta kai ta tudu zurfi ba?
4. Tulu da kasko, haɗinsu ɗaya ne ko siffarsu?

Aiki

Ku zuba ƙasar gona cikin kwalba, ku cika ta da ruwa, ku girgiza sosai. Ku aje ta har gobe. Ku zana hawa-hawan da kuka gani, ku rubuta sunan kowane.