Ga Mai Niyyar Zuwa Bauchi da Hunturu

Jama'a, kuskuren da baƙi suka fi yi shi ne su taho Bauchi a watan Disamba ko Janairu da 'yar shara kawai, wai ai Arewa zafi. Da rana ma akan ji zafi, amma da asuba sanyi har ƙashi yake shiga, musamman a bakin gari irin Tirwun inda iska ba ta da shamaki. Ku zo da rigar sanyi da man kaɗanya saboda faso, mai asma kuma kada ya rabu da maganinsa da takunkumi.

Kada ku yi sammako. Ku bari hazo ya ɗaga, wajen ƙarfe goma, ku karya da masar Bauchi mai zafi, sannan ku nufi cikin gari. Malam Yakubu, almajirin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, shi ya kafa birnin, kuma har yau sunayen ƙofofin ganuwarsa na nan: Ƙofar Tirwun, Ƙofar Wunti, Ƙofar Ran. A fadar Sarki ku nemi izini kafin ɗaukar hoto. Kabarin Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda aka kashe a Janairun 1966, shi kam ku ba shi lokaci sosai, akwai kayan tarihinsa a wurin.

Mai zuwa Yankari ya kama hanya da rana. Ruwan Wikki da ke can da ɗuminsa yake ko da hunturu.

Don Allah, kada ku kwana da garwashin gawayi a rufaffen ɗaki. Hayaƙinsa yana kashe mutum cikin barci.