Jiki ya cika, jini ya yi ƙasa: abincin 'yan matanmu masu ƙiba

Darasinmu na wannan mako a kan 'ya'yanmu mata ne 'yan shekara 13 zuwa 19, musamman waɗanda jikinsu ya yi nauyi fiye da kima.

Mu dai a al'adarmu, yarinya in ta yi ƙiba sai a ce gidansu ana ci ana ƙoshi. To amma yarinya tana iya zama lukuta, kuma tana fama da ƙarancin jini. Abincin da ke tara kitse daban, mai gina jini daban.

Mu duba cimarta ta yini guda a nan Legas. Da safe shayi mai sukari da burodin Agege. A makaranta kuɗin tara ya tafi ga fanke ko Gala da lemon roba. Ta dawo ta dafa Indomie, da dare shinkafa da miya mai iyo da mai. Ciki ya cika, amma kusan duka fulawa ce da sukari da mai.

Batun lemon nan ya fi damunmu. Robar Coca-Cola mai 50cl tana ɗauke da sukari kusan giram 50, wato ƙaramin cokali 12 ko fiye. Hukumar Lafiya ta Duniya a 2015 ta ba da shawarar a tsayar da sukari ƙasa da kusan wannan adadin a yini gaba ɗaya, in da hali ma a tsaya a cokali 6. Ke nan roba ɗaya ta cinye rabon yini, ba a ma lissafa na shayi ba. Zoɓo da kunun aya na gida ma, in aka zabga musu sukari, duk kanwar ja ce.

Budurwa mai shekara 14 zuwa 18 tana buƙatar sinadarin ayon, wanda jiki ke haɗa jini da shi, kimanin miligiram 15 kullum, fiye da ɗan'uwanta namiji, saboda jinin al'ada da take zubarwa duk wata. In bai samu ba sai kasala, jiri, barci a aji. Mu kuma sai mu ce ƙiba ce ta sa ta lalaci.

Abin mamaki, maganin a hannunmu yake. Mu ne masu wake da tumatir da albasa a Mile 12, mu sayar wa mutane su kai gida, namu yaran na cin taliyar leda! Wake, hanta, kifi, ƙwai, zogale, alayyahu, har da ugu da ewedu na maƙwabtanmu, duk suna taimakon jini. A bi su da lemon zaƙi ko gwaiba, jiki ya fi tsotsar ayon ɗin. Shayi kuwa rage tsotsarsa yake yi, don haka a ba da tazarar awa guda tsakaninsa da abinci. Nono da kindirmo don ƙashi, amma a yi hankali da sukarin fura.

Iyaye mata, kar a ware yarinya a ce ita kaɗai za ta canza cima. Tukunyar gida za a gyara: a rage mai, a ƙara ganye, a rage tudun shinkafa. Gori da kiranta da sunayen tsokana ba ya rage kilo ko ɗaya, sai dai ya sa ta ƙi cin abinci a gaban mutane ta koma ci a ɓoye. Kar kuma a bar ta da yunwa ko shayin rage ƙiba na intanet, don har yanzu girma take yi. Haka magungunan ƙara ƙiba da wasu ke ba 'yan mata gab da biki, a guje su, wasunsu na tayar da sukarin jini da hawan jini.

Motsa jiki ma dole ne, awa guda a yini ga masu wannan shekaru. Mun san zaman ɗaki ɗaya a Legas ba fili, to ko tafiyar ƙafa zuwa makaranta da tsallen igiya a tsakar gida sun shiga lissafi.

Akwai alama ɗaya da ake yawan kuskure a kanta: baƙi-baƙi mai kauri a bayan wuya ko hammata. Ba dauɗa ba ce, soso ba ya fitar da ita, sau da yawa gargaɗin ciwon sukari ne. In an ga wannan, ko al'ada na tsallake watanni, a kai ta asibitin gwamnati mafi kusa, a nemi awon yawan jini da awon sukari.