Darasi Na 18: Gyaran Tsohon Akwatin Sanyi

Duk wanda ya san ƙasar Jega da Aliero da Maiyama ya san zafin bazara. Cikin watan Afrilu ma'aunin zafi ya kan wuce digiri 40 da tsakar rana. Jega kuwa garin kasuwa ne tun zamanin kakanni. Yana kusa da Gulbin Zamfara, manyan hanyoyi uku kuma sun haɗu a cikinsa: ta Sakkwato wadda ta biyo ta Aliero, garin albasa, da ta Birnin Kebbi, da ta Yawuri wadda ta ratsa Maiyama. Ko wace rana matafiya su kan sauka a gajiye, maƙogwaro a bushe. Sabo da haka mai sayar da abin sha mai sanyi ba ya rasa ciniki.

In kun lura, a rumfunan tasha da bakin kasuwa za ku ga wani akwati na ƙarfe, murfinsa a bisa, cike da kwalaben lemo da sobo da kunun zaƙi. Waɗansu su kan ce masa firiza, waɗansu kula. A cikin wannan darasi za mu kira shi akwatin sanyi. Da yawa daga cikinsu sun tsufa, har akwai waɗanda aka yar a bayan gida, kaji suna kwana bisa kansu. Sabo kuwa tsada gare shi, ba ko wane mai rumfa ke iya saye ba. To, bari mu ga asalin wannan akwati, da yadda ya ke aiki, da yadda a ke tayar da tsoho ya koma bakin aikinsa.

Asalinsa

Akwatunan farko ba su da inji. Ƙanƙara a ke zubawa ciki, a jera kwalabe a tsakaninta. A shekarar 1929 wani kamfani na Amurka mai suna Glascock ya ƙera wa Coca-Cola irin wannan akwati, mai jan fenti, da ƙafafu huɗu, da mabuɗin kwalba a jikinsa. Bayan 'yan shekaru aka soma yin masu aiki da lantarki. A Nijeriya an kafa kamfanin Nigerian Bottling Company a 1951, ya fara ɗura lemo a kwalba a Ikko a 1953. Sannu a hankali kwalabe suka iso Arewa, akwatunan kuma suka biyo bayansu. A garuruwan da lantarki bai kai ba a lokacin, asibitoci da manyan kantuna sun yi aiki da firji mai kananzir, wanda waɗansu ɗalibai biyu na ƙasar Suwidin suka gano dabararsa a 1922.

Yadda Ya Ke Aiki

Tsoma yatsanka cikin ruwa, ka ɗaga shi inda iska ke bugawa. Za ka ji sanyi. Dalili kuwa, in ruwa zai zama tururi sai ya kwashi zafi daga abin da ya ke jikinsa. Wannan shi ne asirin randa. Ruwa yana tsattsafowa ta jikin yumɓu, iska ta busar da shi, na ciki ya yi sanyi. Da wannan ilmi ne wani malami na Jihar Jigawa, Malam Muhammadu Bah Abba, ya yaɗa dabarar sa tukunya cikin tukunya, da jiƙaƙƙen yashi a tsakaninsu, don adana tumatir da tattasai. An ba shi lambar yabo ta Rolex a shekarar 2000.

Akwatin sanyi ma haka ya ke. Cikin bangonsa an naɗe siririn bututu, a cikin bututun kuma akwai wani irin ruwa wanda masu gyara ke kira gas. Wannan ruwa abin mamaki ne, don ya kan tafasa ko a sanyin da ya fi na ƙanƙara. In ya tafasa sai ya kwashi zafin kwalabe, ya zama iska. Injin da ke ƙarƙashi, watau kwamfuresa, ya zuƙe iskar, ya matse ta, ya tura ta cikin bututun da ke daga waje. A can ta saki zafin, ta koma ruwa, ta sake shiga ciki. Haka ta ke ta kewayawa. Shi ya sa in ka taɓa bayan akwatin ko gefensa ka kan ji ɗumi. Aikin injin ke nan, kwashe zafi daga ciki ya zubar a waje, kamar mai kwarfar ruwa daga kwalekwale.

Me ya sa aka yi murfin a bisa? Iska mai sanyi ta fi mai zafi nauyi. In ka buɗe firji mai ƙofa a gaba, sanyin ya kan kwararo ƙasa ya fita. In ka buɗe akwati kuwa, sanyin yana nan kwance a ciki kamar ruwa cikin randa. Don haka in an ɗauke wuta, akwati ya fi daɗewa da sanyinsa.

Yadda A Ke Gyara

Da fari a cire wayarsa daga lantarki, a duba shi ciki da waje. In bututun da ke cikin bango ya ruɓe, gyaran injin ba shi da riba. Mai hankali ya kan duba wannan tun bai kashe ko kwabo ba. Amma duk da haka kada a yar da akwatin. Ya kan yi amfani a zuba ƙanƙara, kamar na mutanen farko.

Na biyu, wanki. A wanke da ruwan ɗumi da sabulu, a bar shi a buɗe ya bushe sarai. Kada a sa wuƙa ko ƙusa wajen kankare datti. Akwatuna da yawa sun mutu ne don an huda bututu da tsinin wuƙa, gas ya tsiyaye.

Na uku, tsatsa. Ita ce babbar abokiyar gāba. Ta kan fara daga gindi, inda laima ke taruwa. A goge ta da burushin ƙarfe da samfefa har farin ƙarfe ya fito. Inda ta yi rami a kai wa mai walda ya yi faci, amma a nuna masa inda bututu ya bi, don kada wuta ta taɓa shi. Sa'an nan a shafa jan fentin da ke hana tsatsa, a bari ya bushe, kana a shafa fentin ado sau biyu. Wanda ya yi gaggawa ya shafa fenti bisa tsatsa, kafin damina ta wuce zai ga aikinsa ya ɓamɓare.

Na huɗu, abin da ke tsakanin bangon ciki da na waje. A tsofaffi a kan sami audugar gilashi ko ɓawon wani itace, a na baya-bayan nan kuwa soso mai tauri. Shi ke hana zafin waje shiga, kamar yadda kaurin bangon soro ke sa ya fi ɗakin kwano sanyi. In ya jiƙe ba shi da sauran amfani, sai a sake shi.

Na biyar, robar bakin murfi. Ga yadda a ke gwada ta. Sa takarda a bakin akwati, ka rufe, ka ja. In ta fito salin-alin, robar ta saki, sai a sa sabuwa.

Na shida, inji da gas. Wannan aikin gwani ne, yaro ba ya sa hannu. Tsofaffin akwatuna suna aiki da gas mai lamba R12. Masana sun gano yana cin wata iska da ke can sama, mai suna ozon, wadda ke kāre mu daga mugun hasken rana. Sabo da haka a 1987 ƙasashen duniya suka ƙulla yarjejeniya a birnin Montreal ta Kanada a daina yinsa. Aka koma ga R134a da R600a. Ko wane inji da irin gas ɗinsa da irin mansa, ba a cuɗa su. R600a kuwa yana kama wuta, ba a kusantar shi da ashana. Gwani ya kan shafa kumfar sabulu a mahaɗar bututu, inda ta yi ƙwai nan ne ke yoyo. Ya kuma sake duk wayar da ta ƙwarzane, ya haɗa wayar ƙasa don kada lantarki ya kama mai taɓawa.

In an gama, a ajiye akwatin a inuwa, bisa katako, a bar fili tsakaninsa da bango don iska ta ratsa. In an karkatar da shi wajen ɗauka, a bari ya huta sa'o'i kaɗan kafin a kunna, don man injin ya koma mazauninsa.

Gargaɗi

Yara, ku saurara da kyau. Waɗansu tsofaffin akwatuna suna da sakata wadda ba ta buɗuwa daga ciki. In yaro ya shiga don wasan ɓuya, murfi ya faɗa, iska ba ta shiga, kukansa kuma ba ya fita. Yara da yawa sun rasu ta haka a Amurka, har a 1956 aka yi doka a can cewa lalle ƙofar ko wane sabon firji ta buɗu daga ciki. Mai gyara ya cire irin wannan sakata. Wanda zai yar da akwati ya cire murfin tukuna. Ku kuma kada ɗayanku ya shiga, kada ku bar ƙannenku su shiga. Rigakafi ya fi magani.

Akwatin da aka gyara da kyau ya kan yi shekaru yana aiki. Mai rumfa ya sami ciniki, matar da ke dama sobo a gida ta sami inda za ta kai, mai walda da mai fenti da mai gyaran firji duk sun sami na cefane. Hausawa sun ce da tsohuwar zuma a ke magani.

Tambayoyi

1. Waɗanne hanyoyi uku ne suka haɗu a Jega?
2. Me ke sa ruwan randa sanyi?
3. Don me akwati ya fi firji mai ƙofa a gaba riƙe sanyi?
4. Me ya sa ba a shafa fenti bisa tsatsa?
5. Me za a yi wa tsohon akwati kafin a yar da shi? Faɗi dalili.

Aiki

Ku cika kwalabe biyu da ruwa iri ɗaya. Ku naɗe ɗaya da jiƙaƙƙen tsumma, ku bar ɗayar haka nan. Ku ajiye su a inuwa inda iska ke bugawa. Bayan sa'a biyu ku ɗanɗana, ku rubuta abin da kuka gani cikin littattafanku, da dalilinsa.