DARASI: YADDA TALAKAWA ZA SU ƘARFAFA DOKAR TABA

'Yan'uwa, darasinmu na wannan wata a kan taba ne, da abin da mutum marar sarauta ya iya yi domin a rage ɓarnarta.

I. Ɓarnar da taba ke yi

A shekara ta 1950 masu bincike biyu na Ingila, Richard Doll da Bradford Hill, suka nuna cewa shan sigari yana jawo ciwon daji na huhu. Taba tana kawo ciwon zuciya da shanyewar jiki kuma. Bisa ga lissafin Hukumar Lafiya ta Duniya, tana kashe mutum fiye da miliyan 7 kowace shekara. Fiye da miliyan ɗaya daga cikinsu ba mashaya ba ne, hayaƙin waɗansu suka shaƙa. Mace da 'ya'yanta a ɗaki ɗaya da mai shan taba, su ma suna sha ke nan.

II. Dokar da muke da ita

A 2003 ƙasashen duniya suka ƙulla alkawari a kan taba, Nijeriya da Nijar kuwa suka tabbatar da shi a 2005. Nijar ta kafa dokarta a 2006. A Nijeriya Majalisa ta yarda da wata doka a 2011, amma ba a sa mata hannu ba, ta faɗi. Likitoci, da 'yan jarida, da ƙungiyoyin jama'a ba su karai ba, suka yi ta roƙo har aka sa hannu a kan sabuwar doka a 2015, ƙa'idodin aiki da ita suka biyo baya a 2019. Dokan nan ta hana sayar wa yaron da bai kai shekara 18 ba. Ta hana sayar da sigari kara-kara, sai a kwali. Ta hana talla, ta hana sha a asibiti, da makaranta, da motar haya. Ta kuma umurta a buga gargaɗi a jikin kwali.

Amma ku duba teburin mai shayi da ƙofar tasha. Har yanzu ana sayar da kara ɗaya, ana aiken yara su sayo. Dokar da ke kwance a takarda ba ta tsare huhun kowa ba.

III. Abin da za mu yi

1. Mu san dokar. Wanda ya iya karatu shi karanta wa waɗanda ba su iya ba, gama mai tebur da yawa bai taɓa jin labarinta ba.

2. Mu fara daga gida. Kada a aiki yaro sayen taba, kada a sha a inda yara suke.

3. Mu tafi tare. Zumuntar mata, da matasa, da malaman makaranta su haɗa kai da maƙwabtanmu Musulmi, gama hayaƙi ba ya tambayar addini. Su je wurin mai unguwa, da sarkin tasha, da shugaban ƙaramar hukuma cikin ladabi.

4. Mu rubuta wa wakilanmu na Majalisa. Takardar ta zama gajeriya, da roƙo ɗaya, da hannun mutane da yawa. In ba a amsa ba, a sake rubutawa. A roƙa a ba ma'aikatan lafiya kuɗin bin dokar, a kuma ƙara harajin taba. Wannan shi ne magani mafi ƙarfi, domin sa'ad da sigari ya yi tsada, yaro ba shi da kuɗin farawa.

5. Mu ƙi kyautar kamfanin taba, ko ta rijiya ce ko ta wasan ƙwallo. Bakin da ya ci, shi ke jin kunyar magana.

6. Ran 31 ga Mayu ita ce ranar ƙin taba ta duniya. A gayyaci ma'aikacin lafiya ya yi wa jama'a bayani.

Kada mu rena mashayi. Sinadarin nikotin ne ya ɗaure shi, bari kuwa da wuya. Mu taimake shi da haƙuri.

Tambayoyi

1. Me ya sa aka hana sayar da sigari kara-kara?
2. Wa za ku fara zuwa wurinsa a garinku?
3. Ina abin da za mu koya daga dokar da ta faɗi a 2011?